Miyar Baba a Wurin Ciyayya

Ranar wata Talata ce, cikin kakar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare a Bakura, na dawo daga korar tsuntsaye a gonar shinkafarmu na tarar da Inna ta ɗora tukunyar miya biyu a murhu, abin da ko da salla ba a yi a gidanmu. Ta ɗebi miyar kuka ta zuba a ƙaramar, sannan ta jefa gishiri da dunƙule a babbar. Na tsoma yatsa a ƙaramar na lasa, na yamutsa fuska, ta make mini hannu. A ranar suka dawo daga asibitin Talata Mafara ita da Baba, inda aka ce yana da hawan jini. Malamar asibitin ce ma ta ce lallai ya zo da mai dafa masa abinci. Ta zaunar da Inna ta yi mata bayani dalla-dalla: a rage gishiri sosai, ƙwaya kullum da safe, duk wata a dawo a auna shi. Ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka mata. Sai dai ba ta tambayi inda Baba yake cin abincin ba.

A unguwarmu magidanci ba ya cin tuwo a cikin gida. Da an idar da magariba mu yara maza za mu fito da akussa ƙofar zaurenmu, kowane gida da nasa, iyayenmu su zauna kan tabarma su cinye wannan su jawo wancan. Mu kuwa muna gefe muna langa, ido ɗaya kan akussan, muna jiran suɗi. A wannan ciyayya ake sanin gidan da ya iya miya, kuma namu ba ya jin kunya, don ana buɗe akushin Inna hannuwa ke rige-rige. Ran da miyar Baba ta fara fita, amininsa Baba Sahabi, mutum mai barkwanci, ya kai loma ɗaya ya tsaya. "Malam Umaru, gishiri ya ƙare Bakura ne, ko ka ɓata wa mai ɗaki rai?" Aka kwashe da dariya, har da Baba. Ya ture akushinmu gefe, ya sa hannu a na maƙwabta.

Haka akushin ya riƙa dawowa kusan a cike, mu kanmu 'yan suɗi muka guje shi. Inna ta roƙe shi ya ci nasa a ɗaki kafin ya fita, ya ce shi ba marowaci ba ne da zai ɓuya ya ci tuwo. Ta ce to bari ta sanar da matan maƙwabta. Har yau ina jin muryarsa: "Kak ki hwaɗa ma kowa. Ba ni son a riƙa dubana awa mara lahiya." Baba mutum ne mai kara da zurfin ciki, kuma na daɗe ina jin haushinsa a kan haka. Ko zuwa awon, sai ya fake da cin kasuwar Talata don kada kowa ya sani. Da aikin yankan shinkafa ya kankama, ƙwayar ta ƙare, ya ce ai garau yake jin kansa, sai an gama sussuka. Inna ba ta fasa ɗora tukunya biyu ba.

Ba a gama sussukar ba ya faɗi a masussuka, aka kawo shi gida a amalanke, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. A ranar abokansa suka ji komai. Baba Sahabi ya durƙusa bakin gado yana kuka kamar yaro: "Umaru, mi ya hana ka hwaɗi? Wallahi da duk mun ci lami tare da kai." Daga nan ciyayya ta koma ɗakin Baba. Kowane akushi aka buɗe miyarsa lami ce, haka suka umarci matansu, kuma haka suke cinye ta. Amma Baba ya riga ya kasa haɗiyar tuwo, sai kunu da Inna ke ba shi da cokali, yana bin hannuwansu da ido. Kafin damina ta faɗi muka kai shi makwancinsa.

Yau ina koyarwa a Maradun, na wuce shekarun da Baba ya yi a duniya, kuma ciwon nasa na hawan jini ya same ni. Ba na ɓoyewa, ba na tsallake ƙwaya, ba na fashin awo. A layinmu ba a ciyayya, ana magariba kowa ya ja ƙofarsa. Ina cin miyata lami a ɗaki, babu mai yi mata dariya. Lafiyar na samu, amma ni kaɗai nake ci.