Kawu Dishi-Dishi Ya Ajiye Kyamara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda duk layinmu suka sani da Kawu Dishi-dishi. Ya rasu a ɗakinsa bayan gajeriyar jinya, matarsa na gefensa, aka yi masa sutura bayan azahar. Ya cika da kalmar shahada a bakinsa, shi ya sa wannan rubutu nawa ya fi kusa da godiya a kan kuka.

Kawu, sana'arka gyaran firji ce. Da ita ka ci, da ita ka aurar da 'ya'yanka. Hoto kuwa sha'awa ce kawai. Wata tsohuwar kyamara ka samo a wurin masu sayar da kayan gwanjo, kuma tun daga ranar gilashin da ke gabanta bai sake samun sukuni ba. A shagonka, tsakanin tukwanen gas da matattun injuna, akwai wani akwatin ƙarfe da ba mai taɓawa sai kai. A ciki akwai gindin kofin gilashi, da tabarau mai ido ɗaya, da guntun mayafi, da wasu tarkacen da mu muke gani shara ce. Kowanne sai ka kara shi a gaban kyamara ka ga yadda duniya za ta koma. Ka shafa basilin a gefen gilashi, hoto ya fito tsakiyarsa tar, gefensa kamar mafarki. Ka kwance gilashin ka juya shi ta baya, sai tururuwa ta fito kamar akuya, har gashin ƙafarta ana gani. Ka huda baƙin kwali siffar tauraro ka manna, sai hasken da ke ratsa ganyen bishiya ya zama taurari da rana tsaka.

Gaskiya ba duka ne ke yin kyau ba. A bikin babbar 'yarka ka ɗauki ango ta gindin kofi, ya fito da hanci kamar bakin buta, har yau in an tuna masa sai ya sauya zance. Goggo, matarka, ta gaji da neman basilin ɗinta har ta koma ɓoye shi a cikin tukunya. Telan da ke maƙwabtaka da shagonka, wanda ya laƙaba maka sunan nan, kullum sai ya tsokane ka: "Kowa goge gilashinsa yake yi, kai kuwa ɓata naka kake yi." Kai kuma ka ce, "Kai ma ai sai ka yayyanka yadi yake zama riga."

Amma abin da ba zan manta ba shi ne shekarar da mahaifiyata, yayarka, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ta ji sauƙi har tana takawa, sai dai bakinta ya karkace gefe guda. Mace mai son jama'a, sai ga ta ta kulle kanta a ɗaki. Ta sa aka juya madubi ya kalli bango. 'Yan dubiya su zo, ta ce a ce tana barci. Likita ya gargaɗe mu cewa in ba ta fita tana motsa jiki ba, ƙafar za ta sandare. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, duk a banza.

Kai ba ka yi mata wa'azi ba. Ka riƙa zuwa da kyamararka kana zama a bakin gado. Ka fara da hannunta, ka ce wani gilashi kake gwadawa, zoben azurfarta kawai kake so. Da ka kawo hoton, ga zoben, ga jijiyoyin hannun da ya rene mu, ta daɗe tana kallo. Daga nan ka nemi fuska.

Ta ce, "Auta, kai dai ba ka da aikin yi."

Ka ce, "Yaya, idon Inna ne a fuskarki, ni kuma ba ni da hoton Inna."

Da jin sunan mahaifiyarku, sai ta gyara ɗankwali. Ka zare gilashin daga jikin kyamara, ka riƙe shi da hannu a ɗan karkace, idanunta kaɗai suka fito sarai, sauran fuskar ta narke cikin hasken taga. Ba ka ɓoye bakin ba, yana nan yadda yake, amma duk wanda ya kalli hoton idanun ne ke riƙe shi. Da ta gani, abin da ta ce kawai shi ne, "Ashe ina nan." A makon ta fito tsakar gida, daga baya ta fara leƙa maƙwabta. Da ƙafarta ta tako gidanka ranar Laraba, ta yi maka addu'a kafin a ɗauke ka.

A kwanakin zaman makoki na fahimci ba mu kaɗai ba ne. Mai faci ya zo da hoton ɗansa da ya rasu yana ƙarami, mai wanki ya nuna nasa da ka ɗauka ta cikin kumfar sabulu. Da wuya ka shiga gida a layin nan ba ka ga aikinka a bango ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo, da 'ya'yanka da jikokinka, da mahaifiyata wadda ta rasa autan ɗakinsu, da tela wanda ya rasa abokin tsokana. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, Ya albarkaci abin da ka bari.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya cika shi da haske. Allah Ya sa ka buɗe ido a gidan da aka tanadi abin da ido bai taɓa gani ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.