Ranar da na durƙusa a bakin manej

Shekarun baya, lokacin gwiwoyina ba su fara ƙara ba, mun kai manej ɗinmu Djougou cin Sallah. Manej shi ne lilon nan mai zagayawa da yara ke hawa. Namu, maigidana ne, Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da hannunsa a Guéma, unguwarmu a Parakou. Dawakin katako ne na maɗaci a kan faifai, ƙarƙashin faifan kuma tayoyin tsofaffin babura. Ba inji, mutum biyu ke turawa da gudu. Ba birki kuma, da gangan. Yakan ce in manej ya tsaya farat ɗaya, yaran ba za su tsaya ba. Sai dai masu turi su rataya a jikinsa, su ja dugadugansu a ƙasa har ya gaji.

Da ya rasu, ɗana ya gaji turi da fenti, ni na riƙe ƙofa. Aikina ɗaya ne: duk yarinyar da za ta hau, sai na naɗe mata hijabi na ɗaure a ƙugu kamar mai shirin daka. Yaran Parakou "tsohuwa mai ɗamara" suke ce min, suna zaton ba na ji.

To Djougou garin dangin miji ne. An kafa manej, yara sun yi layi, sai ga yayar maigidana riƙe da hannun jikarta. Yarinyar na cikin sabon hijabi har ƙasa, an ɗinka shi da girma don ya kai wata Sallar.

Kun san gaisuwar surukai a can. Ba a tsaye ake yi ba, ba a kallon fuska. Na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Ina gajiya? Ya hanya? Ya mutanen Parakou? Ya ƙarin haƙurinmu?"

"Lafiya lau, Yaya. Da godiya, Yaya."

Har awakin da muka daɗe da cinyewa sai da ta tambaya. Ni da ake cewa ƙuda ba ya wuce ni, ga ni ina kallon tururuwa, yarinya ta zame ta hau ba ɗamara.

Kunnena ne ya fara sani. Taya ɗaya ta sauya murya, ta koma shuu, shuu, kamar ana jan tabarma. Na ɗago. Yarinyar na kan farin doki, bakin hijabin ya sauka ta gefen faifai, wayoyin taya sun kama shi, duk juyi suna ƙara naɗewa. Kanta ya karkace. Ba ta kuka, ba ta da numfashin kuka. Hannayenta biyu a wuya, sauran yara suna ta shewa.

"Ku ja ƙafa!" na ce da ƙarfi.

Abokin turin ɗana ya rataya, takalmansa suna tona ƙasa. Shi kuwa ɗana ya ruɗe, ya rarumi gungumen da muke tokare kamiyo, motar kayanmu, zai cusa gaban taya. Duk dawakin cike da 'ya'yan mutane, ƙasa kuma tsakuwa.

"In ka sa shi ban yafe ba!"

Ya daskare da gungume a hannu. Amma na san kafin manej ya gaji, hijabin ya ƙare.

Akwai 'yar wuƙar da nake yanka goro tunda haƙora suka ƙi ni, tana ɗaure a bakin zanina. Na jira farin dokin ya zagayo, na faɗa kan faifan rub da ciki. Yadin ya miƙe kamar tsirkiya. Wuƙar goro ce, ba kaifi, ga wuyan yarinya kusa. Na yi ta gurzawa ina kiran sunan Allah har ya tsinke. Ta ja numfashi da wata ƙara da ba na fatan sake ji.

Manej ya tsaya a hankali, yadda mai shi ya so. Na sauko zani a warware, gwiwa na jini, na nufi ƙasa zan ba Yaya haƙuri. Ta damƙe damtsena.

"Tashi. Daga yau in kina bakin wannan abu, kar ki ƙara gaishe ni. Ko liman ne ya zo, ya jira."

Ɗana ya rufe tayoyin da kwano, duk da haka ban daina ɗamara ba. Har gobe in na ji ana jan tabarma, gabana sai ya faɗi. A Guéma ana cewa tsohuwar nan ba ta amsa gaisuwa. Gaskiya ne.

Yaya ta rasu. Yarinyar nan yanzu 'yarta take kawowa, ta ɗaure mata hijabi tun daga gida. Ni kuma in kwance, in sake ɗaurewa. Sai uwar ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Kaka," ta jira a nan ƙasa. Ta san sai dawaki sun tsaya zan amsa.