Garin da Na Auna a Kan Doki

Da ana mayar da tafiya baya, da wadda na yi a bazarar da ta biyo bayan samun mulkin kai zan fara mayarwa. Wurin zama aka aike ni in duba wa iyalina. Na je na dawo ban duba ba, kuma na ce na duba.

A lokacin masinja nake a wani ofis a Kaduna, muna zaman haya da mai ɗakina Kulu da yara uku. Babbarsu Rakiya, shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana goye. Tana tafiya, amma tana jan ƙafar, kuma sai ta riƙa hutawa. Ta shiga aji ɗaya, malaminsu yana yabon ta. Ran da wata babbar mota ta kusa take ta a bakin titi, Kulu ta ce ta gama zaman Kaduna. Ni ma dama noma ne a raina. Muka shirya in je ƙasarmu in duba Tambuwal da Kebbe, inda nake da mutane.

Kulu tana ɗaure mini guzuri ta ce, "Malam, ni ban ce a nemo mani soro ba. Inda yarinyar ga za ta taka da ƙafarta ta je makaranta ta komo, shi nika so. Ba ta iya talla, ba ta iya gona. Karatun ga shi kaɗai gare ta."

Kaduna zuwa Sakkwato

Na fita kafin kiran asuba, da akwatin ƙarfe a ka da sabon takalmin kanti a ƙafa, wanda na saya don mutanen gida su san daga Kaduna nake. Jirgin ƙasa ya kai ni Zariya, na sake wani zuwa Gusau. Can na kwana a rumfar wani mai tuwo kusa da tasha, na ci na dawa da miyar kuka na kwabo uku. Da safe na hau bayan babbar mota a kan buhunan gishiri. 'Yan doka suka tsayar da mu a hanya, kowa ya nuna takardar harajinsa, muka wuce. Mun shiga Sakkwato ana kiran magariba.

Sakkwato zuwa Tambuwal

Wannan karon na samu gaban mota. Direban ya dubi ƙafata ya ce, "Malam, ina zuwa da takalmin Turawa?"

Na ce daga Kaduna nake, neman mazauni na fito.

"Daga Kaduna? Mutane na sayar da jakkai su tafi can, kai kana gudowa."

Da muka tsaya shan ruwa ya bai wa fasinjoji labarina, kowa ya zama mai ba ni shawara. Wata tsohuwa ta ce duk ƙasar ba ruwa mai daɗi irin na Jabo. Wani mai fatu ya ce ƙarya ne, Sanyinna zan je. Muna shiga Dogon Daji wani ya kama hannun rigata, wai in sauka in ga kasuwa kawai. Kafin mu kai Tambuwal da azahar na kasa tuna wa ya yabi rijiya, wa ya yabi gona.

Tambuwal

Na sauka gidan Ladan tela, abokina tun muna makarantar allo. Kashegari da hantsi ya ce mu je in ga gidan wansa da ya rasu, ba kowa ciki. A ƙasa muka tafi, rana tana dukan ƙeya, takalmin nan kuwa ya fara cin dunduniyata tun daga Gusau. Kunya ta hana ni cire shi.

"Kai Garba, wanga ɗingishi fa?" in ji Ladan. "Kaduna ta cinye maka ƙafa?"

Gidan ƙarami ne, a matse tsakanin maƙwabta, ga warin marina yana shigowa. Daga nan muka zaga masallaci, muka bi ta kasuwa, ya tsaya gaisawa da mutum ya fi goma, sannan muka ɓullo makaranta. Sau biyu ina neman dakali in zauna.

Ya ce, "Ka gani? In malam ya daka tsawa nan, daga zaurenka kana jin shi."

Ban yarda ba. A raina na ce, ni ƙato mai lafiya na zauna sau biyu, ina ga yarinya? Ban lura da cewa zagaye muka yi ba, ban kuma tambaya ba. Na ce masa zan yi shawara.

Kebbe

Na jira ranar kasuwa na bi mota. Ta kafe cikin rairayi, muka sauka muka tura, ta sake kafewa. Da la'asar sakaliya na isa gidan Kawu Dikko, ƙanen mahaifiyata. Aka kawo fura da nono, aka yanka zakara.

Da safe na fito na tarar an ɗaura wa dawaki biyu sirdi. Na ce da ƙafa nake son zagawa.

Kawu ya ɓata rai. "Ɗan 'yar'uwata, ma'aikacin gwamnati, shi taka ƙasa cikin garin ga ina raye? Mi za a ce da ni? Hau."

Na hau, kuma gaskiya ƙafata ta gode. Muka ratsa gari, iska tana kaɗa ni, muka bi ta wani wuri mai faɗi da farin yashi wanda na ɗauka hanya ce. Muna cikin hirar mutanen da suka mutu sai ga mu a wata tunga, gida biyar ko shida, da fili har iyakar gani, ga tsamiyoyi, ga ƙasa baƙa. Mutumin da ya shekara goma a ɗakin haya, ya ga wannan, hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya.

Na so in yi tambayar da aka aiko ni da ita. To Rakiya 'yar fari ce. A wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya zauna gaban kawunsa yana nuna damuwa da shi. Kawu bai taɓa ganin ta ba, bai san da maganar ƙafa ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kawu, yara fa? Makaranta?"

Ya nuna bayansa da bulala. "Ba yanzu munka wuce ta ba? Ɗiyanmu har gulbi suka zuwa su komo ba su karya kumallo ba."

Na waiga ban ga komai ba sai karan dawar bara da itatuwa. Yaushe muka wuce ta? Kafin yashin nan ko bayansa? Ina wannan lissafi Kawu ya kira dattawan tungar, ya ce su shaida ya ba ni daga tsamiyar can zuwa gawon can. Aka shafa fatiha. Na ji bakina yana godiya.

Komowa Kaduna

Hanyar da na bi ita na sake bi, kwana uku. Kulu ta bari na ci abinci sannan ta fara tambaya. Na ba ta labarin ruwa mai daɗi, da kasuwa a cike, da makarantar da ake jin tsawar malami daga zaure, da fili mai tsamiya. Ban shirya yi mata ƙarya ba. Garuruwan ne suka cakuɗe mini, na haɗa mata gari guda wanda babu shi a duniya.

Ta ce, "Ka taka?"

Na ce na je.

"Ka taka nika tambaya, Malam."

Na ce na taka. Wannan kam na san ƙarya ce.

Tunga

Na ajiye aiki, muka kwashe kaya, muka iso ana shirin shuka. Safiyar farko da na raka Rakiya makaranta, ta huta har na daina ƙirgawa. Mun isa an fito hutun ƙarfe tara. Da ruwa ya sauka sosai, farin yashin nan ya zama ƙorama mai kai wa babba ƙirji. Na goya ta na ƙetare da ita kwanaki, gona kuma tana jira, ba mai nome mini. Muka ce sai rani. Da rani ya zo 'yan ajinta sun yi nisa, ƙafar tana kumbura, ta ce ita a bar ta gida.

Na koma Tambuwal wurin Ladan, ya ce ai an ba wani mahauci gidan. Na tsaya ƙofar gidan, na miƙe zuwa makarantar ba tare da zagaye ba. Ban gama tauna ɓarin goron da ke bakina ba na isa.

Kulu ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Rakiya yanzu tana da jikoki a tungar nan, ita ke aiko mini da fura kullum. In an rubuta mata magani a asibiti, sai ta jira wani jikanta ya taso daga makaranta ya karanta mata.

Na gode wa Ladan da Kawu, Allah Ya jiƙansu, kowannensu alheri ya nufe ni da shi. Roƙona ga mai karatu, in za ka nema wa iyalinka wurin zama, kada ka yarda a ɗora ka kan komai, kuma ka je da damina. Ka tafi da wanda ya fi kowa jinkirin tafiya a gidanka, ka sa shi gaba, ka bi bayansa. In an tambaye ka don wa kake wannan wahala, ka faɗi sunansa.