Ranar da Aka Yi wa Ƙuri'a Labule da Rawani

Shekarun baya, ranar wani zaɓe a ƙauyenmu da ke tsakanin Sule Tankarkar da Ɗanzomo, ga waɗanda ke ƙarƙashin tsamiyar makarantar firamare: malamin zaɓe da akwatinsa, ɗan sanda ɗaya yana gyangyaɗi, mai unguwarmu wanda ɗan ƙanena ne, da wani Alhaji da ya zo daga Gumel da samarinsa. Sai mu mata a layi, ni a gaba, ƙawata Bafillatana a bayana da ƙwaryar nono a ka, don ta ce zaɓe ba zai hana ta talla ba.

Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta min. Amma ido kam Allah ya ba ni.

Kafin ranar, Alhajin ya zo zauren mai unguwa ya faɗa a gaban mutane cewa idan akwatinmu bai fitar da ɗan takararsa ba, to mai unguwa ya shirya rabuwa da rawaninsa, don yana da manya a sama. Ni ban sa ran komai daga yaron nan ba. Sanyi ne da shi tun yana ƙarami. Ko akuya ce ta shiga gonarsa, haƙuri yake ba ta.

Da aka miƙo min takarda na je wajen kwalin da ake ɓuya a dangwala, sai na ga an juya bakinsa yana kallon bencin da Alhaji ke zaune. Duk inda yatsana ya sauka, a idonsa ne. Na waiwaya na dubi matan bayana. Akwai masu jiran taki, akwai waɗanda mazansu ke ƙwadago a gonarsa. Ba wadda za ta iya saɓa masa yana kallo.

Na ce, "Malam, haka aka ce a ajiye kwalin nan?"

Sai malamin ya kalli Alhaji.

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Iya, dangwala ki wuce, rana na yi. Me za ki ɓoye? Duk 'yan gida ne."

Na ce, "Alhaji, gidanka ma 'yan gida ne, amma ai banɗakinka da ƙofa."

Mata suka ƙyalƙyale da dariya, samarinsa suka miƙe. Na cire mayafina na ce wa ƙawata, "Ke, sauke nonon nan ki riƙe min gefe." Ta ce, "In ya zube ke za ki biya, Kaɗo." Ta riƙe dai. Gaskiya mayafin bai wani tare komai ba, guntu ne, ga hujin da wutar murhu ta yi masa.

Alhaji ya juya ya ce, "Mai unguwa, yi wa tsohuwarka magana. Ka dai tuna zancenmu."

Mai unguwa ya miƙe a hankali ya nufo ni. Na tabbata lallashina zai yi, har na tanadi abin da zan faɗa masa. Sai ya tsaya a tsakiyar fili, ya kai hannu ka, ya fara warware rawaninsa.

Ya ce, "Alhaji, wannan ne za a karɓa? To kafin a karɓa, bari ya yi aikin da aka naɗa shi dominsa." Ya miƙo min gefe ɗaya. "Gwaggo, ki kama."

Rawanin shara-shara ne, sai muka ninka shi biyu muka haɗa da mayafina, aka ɗaure a jikin tsamiya da ginshiƙin aji. Shi kuma ya tsaya a gaban labulen ya ba shi baya, daga shi sai hula a rana, ya ce, "Kowacce ta zaɓi wanda ranta ya kwanta da shi. Ni ma kada wadda ta gaya min." Sai a lokacin ɗan sandan ya wartsake, ya ce a matsar da benci can bakin hanya. Alhaji bai jira ƙidaya ba, ya shiga motarsa.

Ɗan takararsa bai ci akwatinmu ba. Nawa ma bai ci ba, kada ku ce na yi don kaina. Rawanin kuwa har yau yana kan mai shi.

Abin da na gane shi ne, ni surutu na iya, kuma tsohuwa ba ta da abin da za a ƙwace mata. Mai unguwa ne mai abin rasawa, kuma ya ajiye shi a gaban kowa ba tare da ya ɗaga murya ba. Tun daga ranar na daina auna shugaba da ƙarfin muryarsa. Ina duba wa yake tarewa idan an matsa masa.

Amma a ranar ba mu san yadda za ta kaya ba, ana ta cewa za a turo mota a ɗauke shi. Washegari ina idar da sallar asuba na ɗauki tabarmata da carbina, na shimfiɗa a ƙofar zaurensa. Ya fito ya ce, "Gwaggo, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Masu karɓar rawani nake jira, su fara da ni. Ka ce a kawo min koko."