In Sha Allahun Tela

A duk shekarun da na yi ina gyaran ƙananan jirage, ranar da ba ta fita raina ita ce wata Laraba da damina, lokacin ina babban makaniki a wani ƙaramin kamfanin hayar jirage a nan Kano. Ku sababbin shiga, ku bi maganar daki-daki.

Da farko ku san ƙa'ida. Jirgin da ke naɗe tayoyinsa yana da korayen fitilu uku a gaban matuƙi. Taya ta sauko ta kulle, fitilarta ta kama. Ran nan Kyaftin Emeka yana dawowa shi kaɗai, biyu suka kama, ta tayar gaba ta ƙi. Ya ja hannun gaggawa na sauko da taya, fitilar ba ta kama ba. Emeka haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar Bakano, kuma cikin matuƙanmu shi kaɗai ke zama kan bencina mu ci abinci tare.

Mataki na biyu, matuƙi ya wuto ƙasa-ƙasa ta gaban hasumiya a duba masa. Aka hau da ni hasumiyar, aka ba ni madubin hangen nesa da rediyo. Na ga tayar ta fito. Ko ta kulle, wannan ba a gani daga ƙasa.

"Baba Sule, me ka gani?" in ji Emeka.

Manajanmu yana bayana. Ba ya son a rufe titin jirgi saboda mu. Ya ce mini a kunne, "Kwantar masa da hankali."

Na ce, "Ta fito, Kyaftin. In sha Allahu ta kulle."

Emeka ya ce, "Wane in sha Allahun, Baba? Na makaniki, ko na telan da ya riƙe mini yadi tun Kirsimeti?"

Babu wanda ya yi dariya. Na ce, "Na tela."

"Madalla. A kira 'yan kwana-kwana."

Na uku, ya yi ta kewaya saman Rijiyar Lemo yana ƙona mai don rage haɗarin gobara in ya sauka. Ba ni da sauran abin yi masa. Na sauko na tsaya gefe ina kallonsa kamar ɗigo cikin hadari. Na huɗu, ya dira kan tayoyin baya, ya kashe inji, ya riƙe hancin jirgin sama har gudu ya mutu. Hancin na sauka tayar ta lanƙwashe. Jirgin ya ja ƙasa ya tsaya, wuta ba ta tashi ba. Bincike ya nuna ƙarfen kullewa ne ya tsage daga ciki. Da ya sauka yadda ya saba, da ya wuntsila.

Emeka ya karye a kafaɗa. Da ya warke matarsa ta ce ya isa, suka koma Kudu. Na taɓa zuwa gidansu a Sabon Gari, na tarar da wasu mutane a ciki. Yanzu ina zaune Kwaciri, kusa da filin jirgi. In ƙaramin jirgi ya wuce nakan ɗaga kai in duba tayoyinsa, ba kuwa wanda zan gaya wa.

Abin da na koya: mumini ba ya barin in sha Allahu, amma matuƙi ba shi da kowa a gefensa. Ka fara gaya masa abin da idonka ya gani, sannan inda ganinka ya tsaya.