Ƙofar da Ummu Hani Ta Zana

A Zangon Lome, duk mai shirin gini sai ya biyo ta shagon Ummu Hani. Takan zana bango a kwamfuta, ta sa tsawo da faɗi, ta cire gurbin ƙofa da taga, manhajar ta fitar mata da adadin bulo. Mahaifinta, marigayi Yacouba, magini ne, shi ya tura ta koyo. Ƙanensa Alassani kuwa tun ranar yake kiran aikin latse-latsen banza. Mutum ne mai baƙin rai, in ka gaishe shi sai ka yi da-na-sani.

Ana gama rabon gado sai ga shi a shagon. Katanga yake so ta ratsa tsakar gida, ta raba shi da 'ya'yan Yacouba.

"Ke mai ordinatar, lissafa min biriki. Kada ya ragu, kada ya gaza."

"Baba, ɗakin Kaka fa wajenku zai faɗa."

"Uwata ce. Da sauran magana?"

Kaka ba ta gani, kuma ba ta shan koko sai daga hannun Ummu Hani. Takaici ya cika Ummu Hani, amma ta zana katangar. Sai dai ta saka 'yar ƙofa daidai bakin ɗakin tsohuwar, manhajar ta zare bulon gurbin daga lissafi. Adadin kawai ta faɗa wa Alassani, zanen ta miƙa wa magini.

Bulo ya ƙare cif, gurbin ƙofa na nan a buɗe. Alassani ya dawo daga kasuwar Asigame ya tarar da shi.

"Ni za ki yi wa wayo? To, daga yau ko a zaurena kada in ga ƙafarki."

Bai koma wajen mai bulo ba. A bayan gida akwai bulon da Yacouba ya buga da hannunsa zai gina wa 'yarsa ɗaki, ajali bai bari ba. Shi Alassani ya sa aka kwaso aka toshe gurbin, don mugunta kawai.

Tsohon bulo ne, ruwan sama ya mai da shi baƙi, sai siffar ƙofar ta fito ɓaro-ɓaro a jikin katangar. Da safe Ummu Hani ta tsaya a gabanta da kwanon koko. Daga can baya tana jin tafin hannun Kaka yana laluben bango, tana kiran sunanta.