Da Ƙafata Na Haye Rafin Doguwa

Mun tashi da asuba daga Bebeji ranar Asabar ɗin nan, ni da yayana da maiɗakina. Rabona da hanyar Doguwa shekara biyu ke nan, tun ranar da mota ta kaɗe ni a kan babur kusa da Falgore, ƙashin cinyata ya karye.

Ga wanda bai san labarin ba: a ranar, wajen wani tsohon maɗori aka fara kai ni, a wani ƙauye gaba da Doguwa. Da ya ga ƙashi ya huda fata sai ya ce wannan ba aikinsa ba ne, a wuce da ni asibiti a Kano. Can aka saka min ƙarfe. Bayan wata uku wajen ya kumbura, ya fara zubar da mugunya. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka manne wa ƙarfen kamar gansakuka a gindin randa, allura ba ta kai musu. Har an fara zancen yanke ƙafa. Daga baya suka cire ƙarfen, suka kankare wajen, suka saka wani wanda aka lulluɓe da simintin ƙashi mai haɗe da maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana tsattsafowa a hankali daga ciki. A nan Allah ya sa aka dace. Godiya muka tafi yi wa tsohon maɗorin da ya tura mu asibiti.

A Kwanar Dangora muka sha shayi, muka sake mota. Kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, amma kwaltar ba laifi. Tudun Wada kuwa ko'ina shanyar shinkafa ce har bakin titi. Da muka wuce wajen 'yan gwangwan, yayana ya ce in sunkuya kada su ɗora ni a sikeli. A Falgore muka sha fura da nono mai kauri. Daidai inda na faɗi kuwa maiɗakina ta yi ta salati ƙasa-ƙasa.

Daga Doguwa muka hau babura, sai muka tarar ruwa ya cinye kwalbatin ƙauyen. Dole a sauka, a ratsa rafi, a hau tudu. Yayana ya durƙusa zai goya ni. Na ce a'a. Na naɗe wando, na yi bisimilla, na shiga. Ruwa har gwiwa, duwatsu da santsi. Ƙafar nan ba ta ba ni kunya ba. Ina hayewa maiɗakina ta rangaɗa guɗa.

Tsohon ya gane ni tun kafin mu gama gaisawa. Ya sa na tsuguna, na miƙe, ya mammatsa cinyar. Na ba shi labarin ƙarfen.

Ya yi dariya ya ce, “Ashe su ma shafe-shafe suke yi, ɗana. Mu a waje, su a ciki.”

Sai ya aika aka kirawo wani makiyayi. Shi ma ƙarfe ne a ƙwaurinsa, wata biyar yana tsiyaya, ya ɗaure da tsumma, ya ƙi komawa asibiti don tsoron zarto. Na ɗaga wando na nuna masa tabona, na buga ƙafar a ƙasa sau uku. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a ɗauko masa rigarsa.

Da shi muka juyo. Yayana ya wuce da shi Kano, mu kuma muka iso gida gab da magariba. Jiya aka bugo min waya cewa likitoci sun duba shi, sun ce an zo a kan lokaci, sun sa ranar aiki.

Abin da na koya shi ne, ciwon da ke tsiyaya a kan ƙarfe ba ya son ɓoyo. Kuma mai tsoro ya fi yarda da tabo fiye da wa'azi.